Titin ƙofar gidanmu da takardar da ta kwana a mahaliyya



'Yan'uwana Hausawan Gadarif da Galabat da Kasala da Damazin da Sinnar da Mai Wurno, iyaye da yayye da ƙanne, maza da mata.

Aikina a jam'iyya fassara ne. A ba ni takarda da Larabci, in mayar da ita Hausa domin tsohuwar da ba ta shiga makaranta ba ta ji abin da ake ciki. Wannan karon na roƙi a bar mini shafi ɗaya in faɗi tawa, kuma aka bar mini. Ba zan yi maganar man fetur ko rabon mulki ba, manya sun yi ta a sauran shafukan. Maganata a kan inda mota take kwana ce. Kada ku yi dariya tukuna. Ku ji labarin, sannan ku yanke hukunci ko ƙaramar magana ce.

Abin da ya same mu

Ina zaune a wata unguwa a Umdurman, bayan wata babbar kasuwa. Layinmu gida arba'in da 'yan kai ne, yawanci masu ƙaramin ƙarfi: teloli, masu wanki da guga, direbobin raksha, masu sayar da shayi, da malamin allo guda. Shekara uku da suka wuce aka tashi wata tashar manyan motoci da ke gefen kasuwar, aka ce ta tare hanya. Ba a nuna wa direbobin inda za su koma ba. Kafin sati ya zagayo, motocin sun malalo cikin layinmu. Da an yi sallar magariba sai lori ya shigo da baya ya tsaya, daffar ya bi shi, hafla ta cike gurbin da ya rage. Baƙin mai ya jiƙe ƙasa, hayaƙi yana shiga ɗakuna tun kafin asuba, mai karon ruwa ya daina shigowa don jakinsa ba ya samun hanya. Yara suka koma wasa a ƙarƙashin motoci.

Mun yi ta haƙuri har wani dare da naƙuda ta kama matar maƙwabcina. Aka kira amjad, direban ya zo bakin layi ya tsaya, ya ce ko keke ba zai ratsa nan ba. Muka bi motocin muna bubbugawa, wasu direbobin suna barci a ƙarƙashi, wasu sun kulle sun tafi cikin gari. Ƙarshe mu huɗu muka ɗauke ta a kan angarib, muna karkata shi tsakanin bango da tayar lori, har bakin titi. Kun san abin da ake ɗauka a kan angarib a ƙasar nan in an ga maza huɗu sun saɓa shi. Uwarta tana biye da mu tana salati. Allah Ya kiyaye, ta sauka lafiya, yarinyar tana nan tana gudu. Amma washegari dattawan layi suka taru bayan sallar isha'i suka ce a rubuta wa hukuma.

Da yake ni ne mai ɗan karatun sakandare, ni aka ba alƙalami. Abu uku muka roƙa. Na farko, akwai wani fili da babu kowa a ƙarshen unguwa, a ware shi manyan motoci su riƙa kwana a can. Na biyu, a kafa allo a bakin layi da zai hana babbar mota tsayuwa daga isha'i zuwa asuba. Na uku, a rubuta sunayen 'yan layin da ke da raksha ko amjad, a yarda su ajiye abin neman abincinsu a ƙofar gidajensu ba tare da an tsangwame su ba. Har muka ƙara da cewa mun yarda mu riƙa biyan wani abu duk wata, muddin za a ba mu rasidin gwamnati, Urnik 15. Kowane mai gida ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Tafiyar takarda

Aka ce sai lajnar unguwa ta buga hatimi. Shugabanta ya riƙe takardar sati biyu, ya ce yana nazari. Da ya buga, na kai ofishi na farko, aka ce in sayi damga in manna. Na manna. Aka ce maganar hanya ce, in kai wa injiniyoyi. Injiniya ya ce kafa allo ikon 'yan sandan hanya ne. Can aka ce mini su aikinsu aiwatarwa ne, sai an rubuto musu daga inda na fito. Na koma, aka ce fili kuma ba a hannunsu yake ba, yana hannun masu tsara birni na jiha. Duk ranar da na je, aikin yini ɗaya ya tafi, ga kuɗin mota. Ban taɓa samun wanda ya zage ni ba. Kowa yana cewa marhaba, wani har ya sa a kawo mini shayi. Abin da ban samu ba shi ne mutum ɗaya da zai ce wannan takarda tawa ce, zo ranar kaza ka karɓi amsa. Ko lamba ba a ba ta ba. A zuwa na tara wani ma'aikaci ya buɗe durowa ya rufe, ya tambaye ni ko ina da kwafi.

Amsar da muka samu ta zo ta hanya biyu, kuma babu wadda ta zo a rubuce. Wata safiya motar kasha ta shigo unguwa. Aka ɗauke rakshar wani yaro a ƙofar gidan ubansa, aka ce ta tare hanya, aka kwashe kujeru da butocin wata mai shayi da ke ciyar da marayu huɗu. Lorin da ke tsaye kusa da rakshar ba a taɓa shi ba, domin ana karɓar kuɗin kwana a hannun direbansa kowane dare. Bayan wata biyu kuma muka tashi muka ga an zagaye filin nan da katanga. Ba mu ga sanarwa ba, ba a kira taro ba. Motocin suna nan a layinmu har daren jiya.

Ina gizo yake saƙar?

Na daɗe ina tunanin ko mugunta ce ta ma'aikata. Da na yi ta fassara dokoki a wurin aiki sai na gane cewa ma'aikacin nan yana yin abin da tsarin ya koya masa ne. Bari in warware muku.

Jihar Hartum tana da mahaliyya bakwai: Hartum, Jabal Auliya, Umdurman, Karari, Umbadda, Bahri da Sharƙan Nil. Ƙidayar 2008 ta ce mutanen jihar sun haura miliyan 5. Ku raba da bakwai, za ku ga kowace mahaliyya tana ɗauke da jama'ar babban birni guda. A 2010, a kan kowace akwai mu'utamad. Ba mu muke zaɓensa ba, wali ne yake naɗa shi, shi ne kuma yake cire shi. Walin ma har zuwa farkon 2010 daga fadar shugaban ƙasa ake naɗo shi. Ku mutanen Gadarif kun san Dakta Abdurrahman Alkhidir, ya riƙe jiharku kafin a kawo shi Hartum a 2009, kuma babu wanda ya tambaye ku ko ya tambaye mu. A can ƙasa kuma, a 2010, akwai lajnonin sha'abiyya da aka kafa bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989, waɗanda takardar zama ɗan unguwa ma sai da hatiminsu. To, ku duba wannan tsani tun daga lajna har fada. Kowa sama yake kallo, wurin wanda zai iya cire shi. Mai gida a layinmu ba ya iya cire kowa, saboda haka takardarsa tana iya kwana shekara a durowa babu wanda zai rasa barci.

Abu na biyu kuɗi ne. Mahaliyya tana rayuwa da abin da ta tara: awayid na gidaje, kuɗin shara, lasisin shaguna, kuɗin tebur a kasuwa, kuɗin tasha, da tara. Lorin da ya kwana a layinmu kuɗin shiga ne. Rakshar da aka kama ita ma kuɗin shiga ce, don sai an biya a sake ta. Fili in aka sayar ya fi duka. Takardarmu kuwa kashe kuɗi take nema, a share fili, a kafa allo, a sa mai gadi. In ka ɗora waɗannan a kan sikelin mutumin da ake auna ƙoƙarinsa da yawan abin da ya tara, ka san wanda zai rinjaya.

Abu na uku, an yayyanka iko gunduwa-gunduwa yadda ba za ka kama kowa da laifi ba. Titi na wani ne, allo na wani, fili na wani, tasha ta wani. Wannan ne ya sa ake tashin tashoshi a tsakiyar Hartum ana mayar da su nan da can, daga Abu Jinzir da kewayen Suƙul Arabi zuwa wajen Istad da Jakson, kuma kowane tashi yana tura cunkoson cikin layukan da ke kusa. Wanda ya sa hannu a tashin bai taɓa zuwa ya ga inda motocin suka kwana ba.

Da ba haka ake ba, kuma ba haka ake ko'ina ba

Kada wani ya ce muku mutanen Sudan ba su saba da majalisar gari ba. Tun 1949 aka kawo wani masani daga Ingila mai suna Marshal ya yi rahoto a kan ƙananan hukumomi, aka yi doka a 1951, garuruwa irin su Umdurman suka samu majalisun da ake zaɓen wakilai a cikinsu. A 1971, zamanin Numairi, aka sake wata dokar da ta kai majalisu har unguwanni da ƙauyuka. Kowanne da aibinsa, amma kakanninmu sun san mutumin unguwa da za a tare bayan sallar Juma'a a tambaye shi labarin takarda. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 9 ga Janairun shekarar, ya lissafa ƙaramar hukuma a cikin matakan mulki, ya kuma bar tsara ta a hannun jihohi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A biranen Ingila, in motocin baƙi suka cika layi, mazauna suna rubuta wa majalisar gari. Majalisa tana aika wa kowane gida takardar tambaya, tana buga shawararta a fili, tana ba da kwanaki domin mai ƙorafi ya kawo, sannan ta yanke. In aka amince, ɗan layi yana biyan kuɗin shekara a ba shi shaida ya manna a motarsa. Dokarsu ta 1984 ta ce rarar kuɗin da aka samu daga tsayuwar motoci a ajiye ta a asusu na daban, a kashe ta a kan sufuri da hanyoyi da makamantansu. Suna yawan ƙin amincewa, jama'a suna yin gunaguni, amma ana faɗa musu dalili, kuma kansilan da ya yi kunnen uwar shegu yana haɗuwa da su ranar zaɓe. A Najeriya, inda da yawanmu muke da dangi, tsarin mulkin 1999 ya rubuta ƙarara cewa kasuwanni da tashoshin mota aikin ƙananan hukumomi ne, guda 774. Can ma gwamnoni sun sha rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, kuma duk inda aka yi haka kukan mutanen Kano da Sakkwato irin namu ne. Darasin ɗaya ne: rubuta iko a takarda bai isa ba sai mai riƙe da shi ya san jama'a za su iya sauke shi.

Abin da za su ce

Za su ce sun yi gadoji. Gaskiya ne, gadar Mak Nimir da gadar Tuti muna hawansu, kuma ba za mu yi musun abin da ido ya gani ba. Sai dai gada tana ƙetarar da mota ne, ba ta ba ta wurin kwana. Wanda ya ƙaro hanyoyin shigowa birni bai tanadi masauki ba, ya gayyato baƙi ne ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar maƙwabci.

Za su ce birnin ya yi girma fiye da ƙarfin kowa, yaƙi da fari sun koro mutane daga ko'ina. Wannan ma gaskiya ne. Amma ƙarfin da ya isa a turo motar kasha da asuba, ya isa a kafa allo guda. Hannun da ya sa wa filinmu katanga cikin kwanaki kaɗan bai gaza rubuta mana amsa layi uku ba.

Wasu kuma daga cikinmu za su ce, ai direbobin nan 'yan'uwanmu ne, kana so a kore su? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don ƙanin mahaifiyata direban lori ne. Na zauna da waɗanda ke kwana a layinmu, mun sha shayi tare. Babu wanda yake son kwana a ƙarƙashin mota, babu makewayi, babu wurin alwala, yana tsoron a sace masa batir. Suna biyan kuɗi kowane dare, wani lokaci da rasidi, wani lokaci babu, kuma ba su samun komai a madadinsa. Filin da muka roƙa, su za su fi kowa morarsa. An bar mai gida da direba suna harara da zage-zage, alhali aljihu ɗaya ake tatsa.

Me ya shafi mutumin kan iyaka?

Ya shafe ka ta hanya uku. Riɗin Gadarif da dawarta, albasar Kasala da ayabarta, kifin Rusairis da gawayin da ake lodi daga kudu, duk a kan lori suke zuwa kasuwannin Hartum da Umdurman. Duk jinen da aka karɓa a hannun direba don ya kwana a titi, da duk yinin da ya ɓata yana neman inda zai sauke, daga kuɗin buhunka ake cire shi kafin ya dawo hannunka. Na biyu, 'ya'yanku ne suke sauka a Mina Barri da jaka ɗaya, su karɓi raksha a kan biya kullum, su kama ɗaki a Mayo ko Ingaz ko Umbadda. In aka kama rakshar a ƙofar gida, kuɗin da za a aiko muku na wata ne ya tafi. Na uku, tsanin nan da na zana muku shi ne a jiharku a 2010. Mu'utamad ɗin da ke kan kasuwar Galabat ko tashar Damazin, naɗa shi aka yi. Wanda ya taɓa neman rumfa a kasuwa ko izinin tsayar da karo ya san tafiyar da takardata ta yi.

Kuma mu Hausawa mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a yanke hukunci a kan wurin zamanka ba ka nan. Dattawan da aka tasa daga Ishash Fallata a farkon shekarun 1990 suna raye, ku tambaye su. Tun bayan Burmi a 1903 kakanninmu suke bakin Nilu, sun noma Jazira, sun noma Gadarif, sun biya kowane irin haraji. Wanda ya biya awayid yana da haƙƙin a amsa masa takarda.

Abin da muke nema

'Yan takararmu na majalisun jihohi sun ɗauki alkawarin kai waɗannan gaban majalisa, kuma mun buga su a nan domin ku kama su da su:

1. A yi zaɓen majalisun mahaliyya, a kuma mayar da kujerar mu'utamad ta zaɓe. Lajnar unguwa ma mutanen unguwa su zaɓe ta a fili.

2. Duk takardar da jama'a suka kai a ba ta lamba da rasidi a ranar, a kuma amsa ta a rubuce cikin kwana 30, ko da amsar a'a ce, tare da dalili da sunan wanda ya yanke.

3. Ƙofa ɗaya. Mahaliyya ce za ta bi sauran ofisoshi da takardar, mai gida ya koma wurin sana'arsa.

4. Kada a tashi tasha sai an nuna sabon wuri mai ruwa da makewayi da mai gadi, an kuma zauna da direbobi da mazauna layukan da ke kewaye.

5. Kada a karɓi ko jine ɗaya na tsayuwar mota ba tare da Urnik 15 ba. Abin da aka tara a manna lissafinsa a ƙofar mahaliyya duk wata uku, a kashe shi a kan tashoshi da layukan da aka tara shi.

6. Kada a sayar da filin unguwa sai an sanar, an kira taro, an ji ta bakin mutanen wurin.

7. Mai raksha da mai amjad da aka rubuta sunansa a layinsu, a bar masa ƙofar gidansa.

Ranar zaɓe

Zaɓe zai fara ranar 11 ga Afrilu 2010, irinsa na farko mai jam'iyyu da yawa tun 1986. A arewa kowa zai jefa ƙuri'a takwas: ta shugaban ƙasa, ta wali, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar jiha. Ku lura, a cikin takwas ɗin nan babu ta mahaliyya ko ɗaya. Hanyar da ta rage mana zuwa ga mu'utamad ita ce ta wali, wanda yake naɗa shi, da majalisar jiha, wadda take rubuta dokar da yake aiki da ita. Mutane da yawa za su dangwala ta shugaban ƙasa da kyau, su gaji, su yi sauran yadda ta kama. Kada ku yi haka. Ƙuri'u huɗun nan na jiha su ne suka fi kusa da ƙofar gidanku.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu ko na wani, ku zaunar da shi a gaban dattawa ku karanta masa abubuwa bakwai ɗin nan, ku tambaye shi wanne ya yarda da shi, ku sa ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Wanda ya yi rajista a watan Nuwamba ya nemo takardarsa tun yanzu ya adana. Matasa ku raka tsofaffi, ku nuna musu alamar jam'iyya da ke bangon wannan takarda tun a gida. Mata ku fito da wuri kafin rana ta yi zafi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, in ya gama ya miƙa wa maƙwabci.

Kwafin takardarmu yana nan a aljihuna, da sa hannun mutanen layinmu, uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na yi niyyar in sake kai ta bayan zaɓe. Ku taimake ni in tarar da wanda zai ba ta lamba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. 

Ɗan'uwanku, mai fassara na jam'iyya
Umdurman, Maris 2010